Kilomita 3,500 a ƙasa cikin kwana 40: ina iyakar jikin ɗan Adam take?

Shirin na yau yana zuwa muku ne daga Hayyin Ashir, wata unguwa da ke Madinatu Nasr a gabashin birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka masu karatu a Jami'ar Azhar suke zaune da yawa. Galibin waɗannan ɗalibai jirgin sama ne ya kawo su cikin 'yan awoyi. Amma magabatansu da suka zo wannan birni neman ilmi, ko a kan hanyarsu ta zuwa Makka, a ƙasa suka zo, ko kuma a bisa raƙuma. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadar wa mutanensu makaranta da masauki a Alƙahira, kana a shekara ta 1324 ayarin Mansa Musa na Mali ya yada zango a nan.

To tsakanin Kano da Alƙahira, idan aka ja layi a miƙe, kimanin kilomita 3,100 ne. Mai sauraro, in da mutum zai ce zai taka tazara irin wannan da ƙafarsa, kuma cikin gaggawa, kwana nawa kake jin za ta ɗauke shi? Sa'annan wane sashe na jikinsa ne zai fara gazawa? Waɗannan su ne tambayoyin da shirin na yau zai duba, domin kuwa akwai mutanen da suka mai da irin wannan tafiya gasa, kuma masana kimiyya sun bi sawunsu sun auna abin da ke faruwa a jikinsu. Sai a gyara zama.

Bari mu fara daga Amurka, inda wannan gasa ta fi kafuwa. A gabashin ƙasar akwai wata hanyar ƙafa da ake kira hanyar Appalachian, wadda ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine. Tsawonta ya haura kilomita 3,500, wato ta ɗara layin nan na Kano zuwa Alƙahira. Kuma ba shimfiɗaɗɗen titi ba ne. Daji ne da duwatsu da saiwoyin itatuwa, hawa da gangara ba iyaka. An ƙiyasta cewa in aka tara hawan da ke cikinta, ya kai a ce mutum ya hau tsaunin Everest sau 16. Masu bin ta daga farko har ƙarshe sukan ɗauki wata biyar zuwa bakwai, kuma a cikin duk mutum huɗu da suka fara, kusan ɗaya ne kawai ke kaiwa ƙarshe.

A shekara ta 2011 wata Ba'amurkiya mai suna Jennifer Pharr Davis ta gama wannan hanya cikin kwana 46 da awa 11 da minti 20. Bayan shekara huɗu, a 2015, shahararren ɗan tseren nan Scott Jurek ya rage awa uku da 'yan mintoci kacal a kan lokacinta. A 2018 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Beljiyam, Karel Sabbe, ya sauko da shi zuwa kwana 41 da awa 7 da minti 39. Sa'annan a watan Satumba na 2024 wata mata 'yar shekara 31 mai suna Tara Dower ta kammala cikin kwana 40 da awa 18 da 'yan mintoci, ta rage kimanin awa 13 a kan lokacin Sabbe. In ka raba, kullum tana cin kilomita 87 ke nan. Kwatankwacin mutum ya tashi daga Kano ya je Wudil ya dawo, gobe ma haka, jibi ma haka, har kwana arba'in ba fashi.

Ita wannan gasa ba ta da filin wasa, ba ta da alƙali mai busa usur. Masu yin ta suna kiran abin da suke nema "lokaci mafi sauri da aka sani", a taƙaice FKT. Mutum zai sanar da aniyarsa tun kafin ya tashi, ya rataya na'urar GPS mai aiki da tauraron ɗan Adam, wadda ke nuna inda yake a kowane lokaci, domin kada a yi musu daga baya. Kuma aji uku ne. Akwai wanda ke da mataimaka masu tarbarsa da mota a mahaɗar hanyoyi, su ba shi abinci, su gyara masa makwanci. Su Sabbe da Dower a wannan aji suke. Akwai wanda ke tafiya shi kaɗai da kayansa a baya, amma yana iya shiga gari ya sayi guzuri. Sai kuma wanda ke ɗauke da komai tun daga farko, ban da ruwan da zai ɗiba a hanya, kuma wannan ba ya yiwuwa sai a gajerun hanyoyi.

To yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Tara Dower takan yi kimanin awa 17 a kan hanya kowace rana. Raba kilomita 87 gida 17, za ka samu kilomita biyar da ɗan kai a awa ɗaya. Ai wannan shi ne saurin da kai ma kake yi in za ka kasuwa kana ɗan hanzari. Gaskiya ne cewa a kan duwatsu riƙe wannan sauri sai an haɗa da sassarfa a gangara da fili, amma ko ita Jennifer Pharr Davis yawancin tafiyarta takawa ce, ba gudu ba. Abin da ya raba su da sauran mutane shi ne yawan awoyin da suke yi a tsaye, da kuma ƙarancin tsayawa. Bahaushe ya ce tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma lissafi ya gaskata shi.

Akwai wani labari daga Ostireliya da ke ƙara fito da wannan batu. A shekara ta 1983 aka shirya tseren kilomita 875 daga Sydney zuwa Melbourne. Cikin 'yan tseren har da wani manomin dankali ɗan shekara 61 mai suna Cliff Young, wanda tafiyarsa ta fi kama da jan ƙafa. A ranar farko an bar shi a baya. Amma da dare, sa'ad da sauran suka kwanta suka yi barcinsu na awoyi, shi ɗan gyangyaɗi kawai ya yi ya ci gaba. Ƙarshenta shi ya zo na ɗaya, cikin kwana biyar da awa 15.

Sai dai fa barci bashi ne, kuma ba ya yafuwa. Abin da Cliff Young ya yi na kwana biyar ba zai yiwu a kwana arba'in ba, shi ya sa masu neman tarihi a dogayen hanyoyi sukan kwanta awa huɗu zuwa biyar a kowane dare. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, natsuwarsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Da yawa daga cikin masu irin wannan gasa sun ba da labarin yadda suka riƙa ganin abin da babu shi, kututture ya zama mutum, dutse ya zama dabba. A kan hanyar da ke gefen kwazazzabo, kuskuren taku ɗaya ya isa ya kawo ƙarshen tafiya.

To, mun ga barci. Amma babban shingen, bisa ga binciken masana, a ciki yake. Bari in yi bayani dalla-dalla.

Jikinka kamar injin mota ne da ba a kashewa. Ko kana kwance ba ka motsi, zuciya na bugawa, huhu na aiki, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna cin makamashi. Ana auna wannan makamashi da abin da ake kira kalori. Baligi matsakaici yakan ƙona kalori 1,500 zuwa 1,700 a yini ko da bai ɗaga tsinke ba. Mu kira wannan awon hutu. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: ninki nawa na awon hutu jiki zai iya ƙonawa, kuma har tsawon wane lokaci?

A shekara ta 2015 aka yi wani tsere daga jihar Kalifoniya zuwa birnin Washington, kusan kilomita 5,000 cikin kwana 140. 'Yan tseren suna yin kimanin kilomita 42 a rana, kwana shida a mako. Wasu masana, ciki har da Herman Pontzer na Jami'ar Duke da Caitlin Thurber, suka auna shida daga cikinsu. Dabarar da suka bi tana da ban sha'awa. Sukan ba mutum wani ruwa na musamman ya sha, wanda aka sa wa alama a ƙwayoyinsa. Bayan 'yan kwanaki sai su gwada fitsarinsa su ga yadda alamar ke raguwa. Daga nan suke lissafa yawan iskar da ya fitar a numfashi, wadda ita ce hayaƙin injin jiki, kuma da ita ake gane yawan makamashin da ya ƙona.

Suka haɗa wannan da alƙaluman wasu wasanni, suka buga sakamakon a mujallar Science Advances a 2019. Ga abin da suka gano. Mai gudun kilomita 42 na 'yan awoyi yana iya ƙona ninki 15 na awon hutunsa a lokacin gudun. Masu tseren keke na Faransa, wanda ke ɗaukar mako uku, sukan tsaya a ninki huɗu zuwa biyar. Duk sa'ad da kwanaki suka ƙaru sai ninkin ya ragu, har ya zo ya daidaita a kusan ninki biyu da rabi, in tafiya ta kai watanni. Ga matsakaicin mutum, wannan kimanin kalori 4,000 ne a yini. Kazalika sun lura cewa a ƙarshen tseren, jikin waɗannan mutane shida yana ƙona kimanin kalori 600 ƙasa da yadda lissafi ya nuna ya kamata. Wato jikin da kansa ya shiga tsimi, ya rage kashewa a wasu wurare domin ya riƙe tafiyar.

Me ya sa ninki biyu da rabi? Masanan sun danganta abin ga hanji. A ganinsu akwai iyakar abincin da hanjin ɗan Adam zai iya narkarwa ya tura cikin jini a yini ɗaya, komai yawan abin da aka ɗura masa. Duk abin da mutum ya ƙona sama da haka, daga ajiyar jikinsa yake fitowa. Kuma ga wani abu da ya kamata maza su saurara da kyau: binciken ya nuna cewa mace mai juna biyu tana kaiwa ninki 2.2 na awon hutunta, kuma tana ɗauke da wannan nauyi tsawon watanni. Ke nan uwar da ke ɗauke da ciki tana dab da iyakar da gwanayen duniya ke kaiwa. Wanda ke da mai ciki a gida sai ya dubi abincinta da yawan aikinta da wannan ido.

Mu dawo kan ajiya. Jiki na da rumbu biyu. Na farko ƙarami ne, wani nau'in sukari da ke cikin hanta da tsoka, kimanin kalori 2,000, wanda tafiya mai tsanani ta yini ɗaya ta isa ta kwashe. Na biyu shi ne kitse, kuma kilo ɗaya nasa na ɗauke da kimanin kalori 7,700. Alal misali, a ce mai tafiya yana ƙona kalori 1,500 fiye da abin da cikinsa ya karɓa a kowace rana. Duk kwana biyar zai zubar da kilo ɗaya, a kwana arba'in kilo takwas. In kitse ya yi ƙasa, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Scott Jurek, wanda dama ba mai jiki ba ne, ya zubar da kusan kilo tara a tafiyarsa ta 2015. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, in ji masu iya magana. Mai neman tarihi tsere yake yi da rumbunsa: ya isa ƙarshen hanya kafin rumbun ya ƙare.

In ka jera alƙaluman tarihi za ka ga wannan doka ƙarara. A 2022 Aleksandr Sorokin ɗan ƙasar Lituweniya ya yi gudun kilomita 319 cikin awa 24. A 2005 Yiannis Kouros ɗan asalin Girka ya yi kilomita 1,036 cikin kwana shida, wato kimanin 173 a rana. A 2016 Pete Kostelnick ya ratsa Amurka a kan titi cikin kwana 42, kimanin kilomita 117 a rana. Daga watan Nuwamba na 2006 zuwa Fabrairu na 2007 wasu mutum uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, suka tashi daga gaɓar teku a Senegal, suka bi ta Muritaniya da Mali, suka ratsa Nijar ta Agadez, suka shiga Libiya, suka ƙare a bakin Bahar Maliya a nan Masar. Kusan kilomita 7,000 cikin kwana 111, wato sittin da 'yan kai a rana. Sai kuma Russ Cook ɗan Ingila, wanda ya taso daga ƙarshen Afirka ta Kudu a watan Afrilu na 2023, ya bi ta Najeriya, ya isa arewacin Tunisiya a Afrilun 2024: sama da kilomita 16,000 cikin kwana 352, kimanin 46 a rana. Ka ji yadda lambar ke sauka, daga 319 zuwa 46.

Riƙe wannan lamba ta arba'in da 'yan kai, domin za mu sake gamuwa da ita a tarihinmu. Daga Darfur a Sudan zuwa garin Asyut, wanda ke kudu da Alƙahira a bakin kogin Nilu, akwai tsohuwar hanyar fatake da Larabawa ke kira Darbul Arba'in, wato hanyar kwana arba'in. Ta bi ta rijiyoyin Bir Natrun da Salima da dausayin Kharga, kuma tsawonta kimanin kilomita 1,800 ne. Ta nan aka riƙa kawo raƙuma da hauren giwa da gashin jimina, da kuma bayi, waɗanda da yawansu suka halaka a cikin rairayi. Raba 1,800 gida 40, za ka samu kilomita 45 a rana. Wannan kuwa lissafin mai tafiya da sauri ne. Manyan ayarori sukan daɗe fiye da haka saboda hutu a bakin rijiyoyi. Haka nan a gida Najeriya, a watan Afrilu na 2015, Suleiman Hashimu ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari a zaɓe, kimanin kilomita 750 cikin kwana 18. Shi ma in ka raba, arba'in da ɗan kai ne a rana.

Wannan ba doka ce da aka rubuta a dutse ba, domin yanayin hanya da nauyin kaya da girman jiki duk suna canza lissafi. Amma in ka ɗauki mutum mai kilo 70, wanda tafiyar kilomita ɗaya a fili ke ci masa kalori 50 zuwa 60, ka ninka sau 45, ka ƙara awon hutunsa, za ka faɗo a wajen kalori 4,000 da ɗan ɗori. Wato daidai inda masanan Duke suka ce ciki ke tsayawa. Madugu uban tafiya bai san kalori ba, amma ya san tazarar da mutane da dabbobi za su iya maimaitawa gobe, kuma a kan wannan sani aka yanka zanguna. Hatta guzurin fatake akwai hikima a cikinsa. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori tara, na hatsi ko nama kuwa huɗu. Shi ya sa dakuwa da gyaɗa da cuku da kilishi da dabino, waɗanda ba su da ruwa a jiki kuma ba su da nauyi, suka dace da jakar matafiyi.

Yanzu sai shinge na uku, wanda a ƙasashenmu shi ya fi kisa, wato zafi. Daga makamashin da tsoka ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka ne ke zama motsi. Sauran duk zafi ne, kuma dole jiki ya fitar da shi. Babbar hanyar fitarwa ita ce gumi, domin duk lita ɗaya da ta bushe a kan fata tana tafiya da kimanin kalori 580 na zafi. Mai tafiya a rana tsaka yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. In ruwan da ya rasa ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, ƙarfinsa ya fara raguwa. In zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, hankali ya fara gushewa, to rai na cikin haɗari.

Mutanen hamada sun san wannan tun da can. A nan Masar, a shekara ta 2015, ƙabilun Larabawan ƙauye uku suka buɗe wata hanyar ƙafa a tsaunukan Sina'i mai kilomita 220, daga bakin tekun Aƙaba zuwa tsaunin Katrin, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a ƙasar. A 2018 aka ƙara ta zuwa kilomita 550 tare da ƙabilu takwas. Kwana 12 aka tsara wa ta farko, ta biyun kuma kwana arba'in da 'yan kai. Ka ga ko kilomita 20 ba a kaiwa a rana. A irin wannan wuri rijiya da inuwa su ke yanke tsawon zango, kuma ja-gora ɗan ƙasa shi ya san inda suke.

Wanda ke ganin wannan magana ta 'yan wasa ce kawai, to ya tuna aikin hajjin shekara ta 2024. A watan Yuni na wannan shekara zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari nasu alhazai ne marasa takardar izini, waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba tare da mafaka ba. Ɗaruruwa daga cikinsu 'yan Masar ne, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta soke lasin kamfanonin yawon buɗe ido 16. Allah ya jiƙansu da rahama. Tsakanin Makka da Arfa kuwa kimanin kilomita 20 ne kacal, bai kai rubu'in abin da Tara Dower ke yi a yini ba. Tazarar da ba ta taka kara ta karya ba a cikin sanyin daji, ita ce ke kashe dattijo a zafin digiri hamsin.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda mutane ba su cika sani ba. Gumi ba ruwa kaɗai ba ne, har da gishiri. In mutum ya yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da abin da yake zubarwa, gishirin jininsa sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya fara ciwon kai da amai da ruɗewa, har ta kai ga suma. A wani bincike da aka yi kan 'yan gudun yada ƙanin wani na birnin Boston na 2002, an tarar kashi 13 cikin ɗari na mutum 488 da aka gwada jininsu suna da wannan matsala. Saboda haka ƙa'idar ita ce a sha gwargwadon ƙishirwa, a kuma haɗa da abinci mai ɗan gishiri.

To mai sauraro, ko kai maniyyaci ne, ko ɗalibi a nan Hayyin Ashir da ke shirin hawa tsaunin Sina'i lokacin hutu, ko matashin da ya ƙudiri tattaki daga wannan gari zuwa wancan, ga abin da za ka ɗauka daga shirin na yau. Ka fara atisaye makonni kafin tafiya, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a cikin zafi. Ka yi sammako, ka nemi inuwa daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar, sa'annan ka ci gaba da sanyin yamma. Kada ka tafi da sabon takalmi, domin bororo ɗaya a dunduniya ya isa ya zaunar da ƙato. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ka jira sai yunwa ta kayar da kai. In gumi ya yi yawa, ruwan gishiri da sukari na taimakawa: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ka lura da fitsarinka. In ya koma kamar baƙin shayi, wataƙila tsoka ce ke narkewa tana yi wa ƙoda lahani, sai ka tsaya ka nemi asibiti, kuma ka guji yawan shan ƙwayoyin kashe ciwo irin su ibuprofen, don suna ƙara wa ƙoda nauyi. In abokin tafiyarka ya fara sambatu ko tangaɗi a cikin zafi, ka kai shi inuwa, ka kwara masa ruwa a jiki, ka yi masa fifita, a nemi likita nan take. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon zuciya kuwa, ya ga likitansa tun kafin ya ɗaura takalmi.

Game da tambayar da muka faro da ita, ga amsa a lissafe. A saurin Tara Dower, da mataimaka da mota da abinci a kowane zango, kilomita 3,100 za su ci kwana 36, kuma mutum zai isa a rame, da bashin barci da na tsoka da zai yi makonni yana biya. A saurin fatake, kilomita 45 a rana, kusan kwana 70 ne, ban da ranakun hutu, amma shi wannan zai iya tashi washegari ya ci gaba.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a shirin na yau. In akwai tambaya ko ƙarin bayani, sai a rubuto mana kamar yadda aka saba. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Daga nan birnin Alƙahira nake cewa a huta lafiya.